Tirela na shan ruwa: wane kayan gwaji ya kamata a fara saya?

Idan tirela ko tifa ta fara shan ruwa, kullum yaron mota na ƙara jarka a lagireto amma ba a ganin ɗigo a ƙasa, maganar da aka fi ji a gareji ita ce gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma ana kwance kan inji, mota ta yi kwanaki ba lodi, alhali tiyo ne ya tsage ta ƙasa. Akwai kayan gwajin da ke raba wannan gardama, kuma ana iya tambayarsu wajen masu kayan kanikanci a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Amma ba darajarsu ɗaya ba.

Wanda zan ce a fara saya shi ne famfon gwada matsi. Sai inji ya huce sarai ake buɗe murfi, don ruwan zafi na ƙona fuska. A ɗaura famfon, a buga iska har allura ta kai lambar da ke rubuce a kan murfin, a manyan motoci galibi tsakanin bar 0.5 da 1, kada a wuce. A jira minti 15. In allura ta sauka, akwai yoyo, kuma tunda injin da sanyi, ɗigon ba zai ƙafe ba kamar yadda yake yi a kan hanya. A duba bakin kowane tiyo, da ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, da inda roba ta haɗu da alminiyam a jikin lagireto, da hitar da ke cikin kan mota.

Wajen saye, a lura da bakunan da ke cikin akwatin. Yawancinsu na ƙananan motoci ne, ba lalle su hau DAF ko MAN ko Howo ba. Ka tafi kasuwa da murfin motarka a gwada a gabanka. Ka kuma zaɓi wanda ke gwada murfin kansa, domin murfi na yaudarar mutane ƙwarai. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma da matsin bar 1 sai ya kai wajen 120. In murfin ya saki, mota na hawan tsaunin Kibo a hanyar Jos da kaya, ruwa zai tafasa ya fice ta tiyon amai, a wayi gari ana neman yoyon da babu shi.

Na biyu shi ne rini mai ƙyalli da tocilarsa. Ana wanke inji, a zuba rinin a ruwa, a yi tafiya, sannan a haska a cikin duhu. Amfaninsa ga yoyon da ba ya buɗewa sai inji ya yi zafi. A tabbata na ruwan lagireto ne, ba na baƙin mai ko na na'urar sanyaya mota ba. Yoyon cikin inji kuwa ba ya nuna shi.

Na uku kwalbar shuɗin ruwa ce da ake kafawa a bakin lagireto don gano ko hayaƙi na shiga ruwa. A injin fetur ruwan kan koma rawaya, a na dizal ya fi komawa kore, kuma a hankali, saboda hayaƙin dizal na da iska da yawa in inji na silo. Don haka rashin canza launi ba ya wanke gaskit ɗari bisa ɗari. Akwai kuma wani tarko: a yawancin manyan motoci, ruwan lagireto ne ke sanyaya kan kwamfiresar iskar birki. In gaskit ɗinta ya lalace za ta hura iska cikin ruwa, kumfa ya riƙa tasowa, a ɗora wa inji laifi. Bakanike mai hankali zai cire tiyoyin ruwanta ya haɗa su da juna, ya ga ko kumfan ya tsaya. Wannan kwalba ta fi dacewa da mai gareji fiye da mai mota ɗaya.

In allurar famfon gwada matsi na sauka amma waje a bushe, a duba baƙin mai. Idan ya yi fari kamar an zuba madara, a cire kaskon mai, a sake buga famfon, a haska ta ƙasa: robobin layinar silinda kan saki, layinar kanta kan huje, musamman a motar da aka daɗe ana zuba wa zallar ruwan rijiya. In kuwa mai ne ke shiga ruwa, a fara zargin kular mai, wato abin da ke sanyaya man inji, don matsin mai ya fi na ruwa.

Garin toshe yoyo shi ya fi arha, shi kuma aka fi saya, kuma abin na damuna. Zai iya kai direba daga daji zuwa gari in ramin ƙarami ne. Amma ba ya riƙe tiyo ko famfon ruwa, kuma in aka yawaita shi yana toshe siraran hanyoyin lagireto da hita, mota ta koma zafi. A ajiye ƙulli ɗaya a mota don ɓacin rana, in an yi amfani da shi a wanke lagireton da zarar an sauke kaya.