Na dafa robar takunkumin CPAP ɗina, ga abin da na gani

Shekara 2 ke nan ina kwana da na'urar CPAP, mai hura wa mutum iska ta takunkumi don kada hanyar numfashi ta toshe, tun da likita ya tabbatar mini cewa ba munshari kaɗai ke damuna ba, numfashina ne ke ɗaukewa cikin barci. Na'urar kanta lafiya lau. Abin da ke cin aljihu shi ne robar silikon mai laushi da ke zama a kan hanci da baki. A Amurka inshora kan ba mutum sabuwa duk wata. Mu nan Kaduna sai an yi oda daga Legas ko Abuja, ko a jira mai dawowa daga waje, farashin kuma dala yake bi.

Hunturun bara tawa ta fara gajiya. Ta yi santsi, ta sauya launi zuwa ruwan ɗorawa, iska na sulalewa ta gefen hanci tana hura mini ido. Kusan ƙarfe uku na dare uwargida ta taɓa ni ta ce, "Baban Ummi, abin nan naka sai fito yake yi." Da safe na duba allon na'urar, yoyon iska ya haura lita 24 a minti ɗaya, wanda shi ne iyakar da irin na'urata ke lamunta. Na ƙara ɗaure maɗaurin, abin ya ƙara lalacewa, na tashi da shaida ja a karan hanci.

Wani abokina a Malali mai irin lalurata ne ya ba ni dabarar da masu CPAP ke yi: a dafa robar. Na ɓalle ta daga jikin takunkumin, na wanke da sabulun jarirai marar ƙamshi, na tafasa ruwa a sabuwar tukunya da cokali ɗaya na bekin soda, na saka ta minti 4. Na ɗauraye, na shanya a inuwa cikin ɗaki na lulluɓe da kyalle, don ƙurar hunturu ba ta barin komai. Wani ɗan maiƙo na gani yana yawo a saman ruwan. A nan na gane maiƙon fuska ne ke shiga robar yana kashe mata kamu. Da hunturu kowa na shafa basilin ko man kaɗanya kafin ya kwanta, silikon kuwa ba ya shiri da su.

Daren farko ta kama fuskata kamar sabuwa. Fito ya daina, yoyo ya sauka ƙasa da 10, adadin ɗaukewar numfashina ya koma ƙasa da 5 a awa. Mako 5 na samu a haka. Dahuwa ta biyu kwana 10 kacal ta ba ni, daga nan wata 'yar tsaga ta fito a leɓen robar, na haƙura na buɗe sabuwa.

Masu ƙera ta ba su ce a dafa ba. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi kullum suka ce. Idan taka manne take da roba mai tauri, zafin zai iya lanƙwasa ta ko ya raba su. Mai soso kuwa ko wankewa ba a yi, gogewa kawai ake yi. Hypo da sifirit ma kada su kusance ta.

Dabarar ta yi mini rana lokacin da oda ta maƙale a hanya, kuma zan sake yi idan ta kama. Amma sabuwar nan, tunda nake wanke fuska bayan sallar isha'i, na bar shafa mai sai da safe, na kuma wanke robar da asuba, yau watanta 4, ban ɗora mata tukunya ba tukuna.