Wane babur za ka saya in kana son haɗa naka da hannunka?

Yawancin masu sha'awar haɗa babur na kansu sukan fara da zaɓen fenti da siffar tanki, alhali shawarar da za ta cinye musu kuɗi ko ta cece su ita ce ta ranar farko, wato wane babur za a saya a yanka. Ba wanda ke ƙera inji daga ɗanyen ƙarfe a garejin unguwa. Tsohon babur ake nema, a tuɓe shi tas, a bar inji da firam, sannan a gina sauran yadda rai ke so. In tushen nan ya zo da ciwo, duk waldar duniya ba za ta warkar da shi ba.

Kafin ka shiga kasuwa, ka san siffar da kake nema: kafe resa, boba, cofa ko sikirambula. Kafe resa ɗan Ingila ne. A shekarun 1950 zuwa 1960 samarin Landan kan taru a shagon shayi na Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938 a bakin titin North Circular, su cire wa babur duk abin da ke da nauyi, su sauke hannunsa ƙasa yadda mahayi zai kwanta a kan tanki. Burinsu su taɓa mil 100 a awa, wajen kilomita 160 ke nan. Wanda ya fi suna a haɗinsu shi ne Triton, injin Triumph a cikin firam ɗin Norton. Boba da cofa kuwa 'yan Amurka ne. Boba datse madigadi ake yi a bar kujerar mutum ɗaya, cofa kuma har wuyan firam ake yankawa a miƙar da ƙafafun gaba. Sai sikirambula, mai faɗin hannu da tayoyi masu kaushi da salansa a ɗage.

A ganina, ga mai hawa a titin da rami ke bin rami, ga yashi ga kwatamin damina, sikirambula ce ta san hanya. Kafe resa yana da kyau a hoto, amma ka kwanta a kan tanki daga Kano zuwa Wudil ka ji abin da bayanka da wuyan hannunka za su gaya maka. Cofa mai dogayen ƙafafu kuwa, juya shi a lungu kaɗai aiki ne.

Injin CG da 'ya'yansa

Ga wanda bai taɓa haɗa babur ba, nan zan tura shi. Honda ta fitar da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya kasuwannin ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake yi wa babur lodi, ba a canza baƙin mai sai ya zama kwalta. Sai suka yi inji mai silinda ɗaya, cc 124 (cc shi ne ma'aunin girman inji), wanda sanduna ke tura bawul ɗinsa maimakon sarƙar da ke hawa kan inji, kuma ƙullutu ɗaya ne ke buɗe bawul ɗin shiga da na fita. Ƙarancin abin da ke motsi shi ne ƙarancin abin da zai lalace. An ci gaba da ƙera shi a Birazil da Pakistan, kamfanonin China kuma suka kwaikwayi injin suka cika duniya da shi a girman 125 da 150 har da 200. Da yawa daga baburan China da ke yawo a titunanmu jikokin wannan inji ne, ko da sunan da ke jikin tankin daban ne.

Amfanin wannan a wurinka a bayyane yake. Fistin, ringi, gasket, kafireta, kwayil, duk suna nan a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar unguwarku ya buɗe irinsa ya fi a ƙirga. Firam ɗin ma yana ba da haɗin kai: shokoba biyu a baya, layin tanki zuwa kujera kusan a miƙe, wanda shi ne abin da ido ke nema a irin wannan haɗi. Ba banza ba ne masu ƙira a Pakistan da Indonesiya suka yi suna da ƙananan babura irin waɗannan.

Aibinsa ƙarancin ƙarfi. Ƙarfinsa bai wuce na doki 11 ba, gudunsa kuma a kusa da kilomita 100 yake tsayawa, komai yawan ƙarar da ka sa salansa ta yi. Na biyu, kwaikwayon ba ɗaya ba ne. Wani ƙarfen firam ɗin siriri ne ƙwarai, wani kuma zaren kusoshinsa na cinyewa da ɗauri biyu. In ka samu Honda na asali mai lafiya, ƙara kuɗi ka ɗauka.

Bajaj Boxer shi ne na biyu a wurina. Ɗan Indiya ne, yana da juriya, ba ya shan mai, kayan gyaransa kuma har ƙauye. Matsalar ita ce tarihin wanda za ka samu na hannu. Mafi yawansu sun yi aikin acaɓa ko kabu-kabu, sun ɗauki buhu biyu da mutum biyu shekara da shekaru, firam ya gaji ta wajen da shokoba ke kamawa. Boxer ɗin malamin makaranta da Boxer ɗin ɗan acaɓa suna iya zama shekara ɗaya, fenti ɗaya, amma ba babur ɗaya ba ne. Ka nemi na cc 150 in da hali.

Jincheng mai ƙirar Suzuki AX100 ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, kuma yaro ma zai iya kwance injinsa. Sai dai irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur, hayaƙi da ƙara sun zama ɗabi'arsa. In don nishaɗi ne da koyon hannu, ba laifi.

Manyan da ake shigowa da su

A hotunan intanet waɗannan ne ke jan ido. Honda CB750 ta 1969 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba. Yamaha SR400, wadda aka fara ƙerawa a 1978, silinda ɗaya, tashi da kik kaɗai, abar ƙaunar masu ƙira a Japan. BMW R80 da R100 masu silinda biyu a kwance, waɗanda sandar ƙarfe ke juya tayarsu ta baya a madadin sarƙa. Harley-Davidson Sportster, da ke kasuwa tun 1957, wadda ake yawan gina boba da cofa a kanta. Duka babura ne na gaske, ba wanda zai musa.

Amma ka yi lissafi da idon basira. CB750 kafireta huɗu gare ta, kuma sai an daidaita su da ma'auni su riƙa shan iska daidai da juna, in ba haka ba injin ya yi ta tari. Gasket ɗaya da ya yage zai iya ajiye maka babur wata guda kana jiran saƙo daga Turai, da kuɗin waje, da kuɗin jirgi, da na kwastan. Baburin da ya haura shekara 40 kuma wayarinsa ya bushe, robobinsa sun tsage. Cikin jerin nan SR400 ce ta fi sauƙin sha'ani saboda silinda ɗaya ce. Sauran na wanda ya riga ya haɗa ɗaya ko biyu ne, yake kuma da wani abin hawan da zai kai yara makaranta kafin wannan ya tashi.

Saye ko ƙerawa

Akwai wata hanya da mutane ke jin kunyar ambata: ka sayi wanda kamfani ya riga ya yi wa siffar. Royal Enfield na da Continental GT 650 tun 2018, Triumph na da Thruxton. Birki an gwada, firam an auna, takardu tsaf. Ko kuma ka kai wa ƙwararren maƙeri kuɗi ya haɗa maka.

Nan ne halin mahaya ke fitowa. A Turai da Amurka akwai masu liƙa wa baburansu takarda mai cewa ƙerawa suka yi, ba saye ba, kuma suna kallon mai saye a matsayin ɗan gayu da bai san zafin sifana ba. Masu Harley na da nasu rainin ga baburan Japan. Masu adana tsofaffin babura kuma suna jin kamar a cikinsu aka sa zarto in suka ga an yanka firam ɗin CB750 mai lafiya, kuma a nan kam ina bayansu: wanda ya tsira shekara 50 da kayansa na asali, a bar shi, a nemi wanda ya riga ya sha wuya. A wajenmu rainin ya ɗauki wata kama. Mai babban babur na kallon duk abin da bai kai cc 200 ba a matsayin acaɓa, ya manta cewa ɗan acaɓar da ya sa wa kujerarsa darduma, ya ƙara ham uku da fitilu masu launi, shi ma gyara abinsa yake yi yadda ransa ke so.

Kada wannan surutu ya zaɓa maka babur. Mai taƙama da ƙirar hannu, in ka bincika, sau da yawa wani ne ya yi masa walda, wani ya ɗinka kujera, wani ya fesa fenti. A 2018 shugaban Indonesiya na lokacin, Joko Widodo, ya sayi cofa ruwan zinare da maƙeran ƙasarsa suka gina a kan Royal Enfield 350, kuma abin da ya biyo baya shi ne ƙarin kasuwa ga maƙeran. In ba masu saye, maƙeri da me zai ci tuwo?

Abin dubawa ranar ciniki

Takardu kafin komai. Lambar firam tana jikin wuyan babur, ta inji tana jikin inji, su dace da abin da ke rubuce a rasit da takardar mallaka, in na waje ne har da ta kwastan. In ka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, juya ka tafi, komai arha. Wannan wuyan kuma shi ne wurin da ba za ka taɓa sa wa wuta ba, domin ranar da lambar ta ɓace, babur ɗinka ya zama abin tuhuma a kowane shinge.

Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Mai sayarwa da ya ɗumama inji kafin isowarka akwai abin da yake ɓoyewa. Shuɗin hayaƙi a inji irin na CG ko Boxer na nufin ringi ko robar bawul sun tafi. Wannan gyara ne mai sauƙi, dalilin rage farashi ne kawai. Karkataccen firam kuwa ba abin ciniki ba ne. Ka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta gefe biyu, in tazarar ba ta zo daidai ba bayan an saita tayar baya, babur ya taɓa cin ƙasa da ƙarfi. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da kujera ka nemi sabuwar walda da aka rufe da baƙin fenti. Ka haska cikin tanki da fitilar waya ka ga tsatsa. Kushin da ya yage da fitilar da ta fashe kada su dame ka, dama cire su za ka yi.

Kuɗin babur ɗin ba shi ne kuɗin aikin ba. Ka ware kaso mai tsoka don taya, birki, sarƙa da sifoket, da sabon wayari, tun kafin ka yi maganar fenti. Kuma ka zaɓi mai walda da kyau. Wanda ya iya ƙofa da taga ba lallai ya iya siririn bututun firam ba, wutar sandarsa na iya huda shi. Inda aka yanka za a haɗa, a zura guntun ƙarfe a ciki ya riƙe ɓangarorin biyu kafin a yi walda. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuma ba a kai masa wuta sai an wanke shi sarai, don tururin da ya rage ya isa ya fasa shi a fuskar mutum.

Abubuwa biyu da ake kwaikwaya daga hotunan Turai ka bar musu kayansu. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai kama da mazurari tana sa sai an sake saita kafireta, kuma ƙurar hunturu za ta bi ta ciki ta cinye ringi kafin bazara. Cire madigadin gaba ma haka: a ƙananan babura ƙarfensa na taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu wuri ɗaya, ga kuma ruwan kwata da taya za ta riƙa watso maka a fuska. Datse shi ya isa. Sannan kafin ka yanke bayan firam ka mai da kujerar ta mutum ɗaya, ka fara jin ta bakin uwargida, in dai da wannan babur ɗin ake kai ta unguwa.