Wata bakwai da injin gahawa mai kafsul a Garwa

Ƙanina ne ya kawo mini injin tsaraba, da ya zo hutu daga Faransa bayan Babbar Sallah. Injin ɗan ƙarami ne, da kaɗan ya fi buta, ya haɗo da kwali biyu na kafsul, wato 'yan ƙoƙunan alminiyon nan da ake cusa garin gahawa a ciki a liƙe bakinsu. Ka jefa ɗaya, ka danna, kafin ka gama ɗaura agogo finjali ya cika, ga kumfa ja-ja a sama. Ni da na saba da Nescafé na mai shayin bakin titi, ranar farko har sai da na kira uwargida ta zo ta gani. Ta leƙa finjalin ta ce, "Malam, wannan 'yar kurɓar ce aka ɗauko wa inji tun daga Turai?" Da gaskiyarta, mililita 40 ne kacal. Amma ƙamshin ya kai har zaure.

Kafsul 20 ba su yi mako biyu ba, don duk baƙon da ya shigo sai na yi masa burga. Da suka ƙare ne na san abin da na ɗauko wa kaina.

Na yi wa wani ɗan uwanmu da ke Yawunde waya na ce ya sayo mini "kafsul na gahawa", ban ƙara komai a kai ba. Saƙo ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau mota zuwa Garwa, na buɗe na tarar da manyan ƙoƙunan roba na Dolce Gusto, guda 16, ko bakin injina ba sa shiga. Laifina ne. Injina na Nespresso ne, samfurin da suke kira Original, kuma duk da cewa Nestlé ne mai su duka biyun, kowanne da nasa ƙoƙon. Akwai kuma Vertuo, shi ma Nespresso ne amma kafsul ɗinsa mai faɗi ne kamar ƙwarya. Ga Senseo, wanda nasa 'yar jakar takarda ce kamar ta ganyen shayi. Duk mai aike, ya ɗauki hoton tsohon kafsul ya tura a WhatsApp, ya huta da asara. Wanda kuma bai riga ya sayi inji ba, ya fara zagaya shagunan garinsu ya ga wane irin kafsul ake samu, sannan ya sayi injin da ke cin sa.

Sa'ar da na yi, samfurin Original shi ne wanda kamfanoni da yawa ke yi wa kafsul, tun da wa'adin mallakar fasahar ya ƙare shekarun baya. Na gwada iri uku da ba na ainihin kamfanin ba. Na alminiyon bai ba ni kunya ba. Na roba wanda aka naɗe kowane ɗaya a ledarsa, shi ma ba laifi. Amma na robar da aka zuba tsirara a cikin kwali, ranar da na sha sai na ji kamar an jiƙa takarda a ruwan zafi. Kowa ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya haura 40, kuma kwalin ya daɗe a kan kantar shago. Roba tana barin iska ta shiga a hankali, alminiyon kuwa ba ya bari. Biyu daga cikinsu ma allurar injin ta kasa huda su sosai, ruwan ya zurare ta baya. Yanzu kafin in biya sai na juya kwali na duba kwanan wata, ko mai shago zai ɓata rai.

Lambar da ake rubutawa a jikin kwali ita ma ta yaudare ni. Na ɗauka 11 ta fi 6 hana barci. Ashe lambar tana nuna yawan gasuwar gahawar da ɗacinta ne kawai. Abin da ke buɗe ido yana cikin irin ƙwayar: robusta tana da kafeyin kusan ninki biyu na arabika. In kana shan gahawa da madara da sukari irin namu, ɗauki mai babbar lamba, don mai ƙarama ɓacewa take yi a cikin madara.

Sai kuɗi. Kwalin guda 10 na saye shi sefa 4,500, kowane finjali 450 ke nan. Biyu a rana, a wata jika 27. Da na yi wannan lissafin a gaban uwargida shiru kawai ta yi, kuma shirun ya fi magana ciwo. Abin da ya ƙara ba ni haushi, gahawar nan a ƙasarmu ake noma ta: arabika a tsaunukan Bafusam da Dschang, robusta a wajen Nkongsamba. A kwashe ta a kai Turai, a zuba mata gram 5 a ƙoƙo, a dawo mana da ita da wannan tsada.

Abin da ya cece ni kafsul ne na ƙarfe da ake cikawa da hannu, ƙanin nawa ya aiko da shi daga baya. Ina sayen garin gahawar Kamaru, ƙunshin gram 250 yana ba ni kusan finjali 50. Sai dai yana son haƙuri. In garin ya yi laushi da yawa, ko ka danna shi da ƙarfi, inji ya dinga gurnani yana ɗigo ɗaya-ɗaya. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa ne zai wuce salin-alin. Na yi mako guda ina ɓarna kafin hannuna ya faɗa. Yana fitowa da zafi kamar garwashi, ga wanki kowane lokaci, don haka in baƙi uku suka zo ba ya fitar da kai kunya. Saboda su nake ajiye kwali ɗaya na alminiyon a cikin kwaba.

Injin yana jan wuta fiye da wat 1,200, ƙaramin batirin sola na gida ba ya ɗaukarsa, in an ɗauke wuta sai a koma kan gawayi. Ruwan rijiya kuma yana tara masa farar ƙasa a ciki, na koma zuba masa tatacce.

Baba ya yi shekaru yana fatauci a Injamena, can ya koyi shan gahawa da citta. Da na miƙa masa finjalin farko ya kurɓa ya ajiye, ya ce, "Ɗaci kam akwai, amma ina cittar?" Kafsul ɗin kanti ba ya buɗuwa balle a ƙara masa wani abu. A na ƙarfen kuwa nakan barbaɗa garin citta kaɗan a kan gahawar kafin in rufe. Yanzu kullum bayan La'asar sai ya aiko jikansa da finjalinsa.