Abin da ya kamata ka saya don rage ƙarar baka mai lanƙwasasshen baki

Ƙarar baka ragowar ƙarfi ce. Abin da kibiya ba ta tafi da shi ba, shi ke komawa tsirkiya da hannayen bakan su yi ta karkarwa. Shi ya sa kafin ka fitar da ko kwabo, fara da gyara biyun da sukan kawar da yawancin ƙarar.

Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da kwarmin mariƙi. A baka mai tsawon inci 60 zuwa 62 takan faɗa tsakanin inci 7.5 da 8.5. Bakan Samick Sage, misali, 7.5 zuwa 8.25 aka ƙayyade masa. Idan tazarar ta yi kaɗan, tsirkiya na marin itace da ƙarfi, har ta doki wuyan hannunka. Sauke tsirkiyar da igiyar ɗana baka, ƙara mata murɗi uku ko huɗu, mayar, harba kibau shida kana saurare. Akwai wurin da amon zai faɗi daga "ƙwas" ya koma "dum". Rubuta wannan awon, domin sabuwar tsirkiya tana miƙewa. Na biyu nauyin kibiya ne: masu harbi da bakan gargajiya sukan nemi giren 8 zuwa 10 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne, kusan 15 ke yin giram ɗaya) ga kowane fam na ƙarfin ja. Bakan fam 45 ke nan yana son kibiya mai giram 23 zuwa 29. Wadda ta gaza haka ƙara za ta jawo, ta kuma wahalar da bakan.

Sai ita tsirkiyar. Ta zaren Dacron, wato B-50 ko B-55, tana da ɗan talewa, amonta mai kauri ne, ga ta da araha. Zaruruwan zamani irin Fast Flight da D97 ba sa talewa sosai, sun fi gudu, amonsu ya fi kaifi. Nan akwai haɗari: tsohon baka da ba a ƙarfafa ƙarshen hannayensa ba, zaren zamani na iya tsaga su. Irin wannan Dacron kaɗai ya dace da shi.

Abin da ya raba wannan baka da miƙaƙƙe shi ne tsirkiyarsa na kwanciya a kan lanƙwasar, tana marinta duk harbi. Tuntun da ake ɗaura wa tsirkiya don rage amo ba zai kashe wannan ƙarar ba, ɗan matashi mai laushi da ake mannawa a kan lanƙwasar take buƙata. Ana sayar da fatar maraƙi mai gashi da aka yanka daidai, amma ɓangaren Velcro mai laushi, tsawon inci huɗu, yana yin aikin. Aibinsu shi ne gam ɗin na saki a zafi, kuma mai kauri na cike kwararon da tsirkiya ke zama a ciki, sai ta riƙa zamewa gefe. Naɗe ƙarshen tsirkiyar da zaren ulu, inci shida daga kowane madauki, ya fi mini: ba gam, ba abin da ya taɓa fentin bakan.

Tuntayen da ake ɗaurawa a jikin tsirkiya iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai na gashin biba, dabbar ruwa ta Arewacin Amurka, siririyar fata da ake cusa bakinta tsakanin zaruruwan tsirkiya a naɗe. Yana da kyan gani, ba nauyi, amma a baka mai ƙarfi bai cika isa shi kaɗai ba. Akwai na roba mai sili-sili da ake wa laƙabi da gashin bakin kyanwa. Shi ya fi kashe karkarwa, ruwa bai dame shi ba, sai dai ya fi nauyi, yana ɗan rage gudun kibiya, kuma zafin rana na busar da shi ya kakkarye. Na ulu shi ne tsaka-tsaki, kuma kana iya yinsa da kanka: naɗa zaren a yatsu uku sau 20, cusa tsakanin zaruruwa, ɗana bakan, yanke madaukan da almakashi. Harbi kaɗan zai tashi ya yi buzu-buzu. Ulu na gaske za ka nema, na roba ba ya aiki kamarsa. Mai shiga daji inda ƙarangiya take ya sani cewa ulu da gashi na kwasarta, roba ita ce tasa.

Wurin ɗaurawa ya kai irin tuntun muhimmanci. Auna tsirkiya daga inda ta rabu da itace a sama zuwa inda ta rabu da shi a ƙasa, sa ɗaya a kashi ɗaya cikin huɗu, ɗayan a kashi ɗaya cikin uku daga ɗaya ƙarshen. Kowanne na danne amo daban. Kada ka ɗaure su tam sai ka gwada matsar da su inci-inci.

Robobin LimbSaver da ake mannawa a hannayen baka su ne na ƙarshe a sayayya, sun fi rage girgizar da tafin hannu ke ji. A bakan da ake kwancewa gida uku, duba notin haɗin tukuna, sau da yawa shi ne ya saki. Duba kuma tsagar gindin kibiya: rataya kibiyar a tsirkiya kanta na kallon ƙasa, ɗan doki tsirkiyar da yatsa. In ba ta faɗo ba, tsagar ta matse, tana fizgar tsirkiya duk harbi.