Sharhi: Summer of Soul, kasa-kasan da suka shekara 50 a ajiye

Sau biyu na kalli wannan fim. Karon farko a waya, ina kwance, kuma na cuci kaina, don ƙarar ganga ba ta fita ta 'yar sifikar waya. Sai da na jona wa talbijin babbar sifika na ji abin da ake ta yabo.

Fim ne na tarihi a kan wani gagarumin wasan kaɗe-kaɗe da baƙaƙen Amurka suka yi a unguwar Harlem ta birnin New York a 1969, ranakun Lahadi shida daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, a filin Mount Morris. Shiga kyauta ce, an kuma ƙiyasta mutum 300,000 suka halarta. Wani mai shirya shirye-shiryen talbijin, Hal Tulchin, ya naɗi kusan awa 40 na wasan, ya yi ta talla babu mai saye, hankalin masu kuɗi yana kan Woodstock, wani babban wasan kaɗe-kaɗe da aka yi a Agustan shekarar. Haka kasa-kasan suka zauna a ɗakin ƙasa kusan shekara 50, kafin makaɗi Questlove ya tace su ya fitar a 2021, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2022.

Da Stevie Wonder aka buɗe, yana ɗan shekara 19, yana dukan ganguna kamar ya samu saɓani da su. Amma inda aka kama ni shi ne wurin Mahalia Jackson, shahararriyar mawaƙiyar coci. Limamin coci Jesse Jackson ya gama ba da labarin yadda aka harbe jagoran gwagwarmayar baƙaƙe Martin Luther King a Memphis a 1968, aka zo rera waƙar cocin da marigayin ya fi so. Mahalia ba ta jin daɗin jikinta, sai ta ce wa matashiyar mawaƙiya Mavis Staples ta fara. Can tsohuwar ta karɓa, suka haɗu a kan makirufo ɗaya, babba da yarinya, kowace na ɗaga 'yar'uwarta. Ba addinina ba ne, amma tsigar jikina ta tashi, na maimaita wurin sau uku.

Ranar 20 ga Yuli, da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, ana tsakiyar wasa. Aka tambayi 'yan kallo, da yawa suka ce da kuɗin tafiyar aka ciyar da mayunwatan Harlem da ya fi. Na yi dariya, don irin amsar da za ka ji ce a kowace majalisar mai shayi. Ga kuma samari sanye da dashiki, rigar da sunanta ya fito daga kalmarmu ta "ɗan ciki" ta bakin Yarbawa.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. Waƙa na daɗi, sai a yanke a sako wani yana bayani. Mutumin da ke da awa 40 a hannu bai kamata ya yi mana rowar waƙa ta minti huɗu cikakku ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba kuma ya kunna rubutun ƙasa, hirarrakin suna da sauri.

A ƙarshe an nuna wani da aka kai shi wasan yana ƙaramin yaro. Ya girma yana shakkar ko mafarki ya yi. Da aka kunna masa hotunan, sai hawaye.