Na kai matsalar wajen aikina ofishin lauya, ga yadda na ga hidimarsu

Tun watan jiya nake son rubuta wannan saboda mutum uku ne suka tambaye ni wai zuwa wajen lauya kan maganar aiki yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ne kawai, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ofishin a nan cikin Kano yake, hawa na biyu a wani bene, lauyoyi uku ne a ciki, wadda na gani mace ce kuma shari'ar ma'aikata ta fi yi. Ba zan sa sunanta ba, ita ta ce kar in sa don lauyoyi suna da ƙa'idarsu a kan talla, shi ma kamfanin da na yi wa aiki ba zan kira sunansa ba.

Shekara uku da wata huɗu ina kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya, shiga ƙarfe 7:30 na safe, tashi kuma sai an loda mota ta ƙarshe ko da tara na dare ne, Asabar ana zuwa, Lahadi ma in tirela ta iso sai a kira ka, ba obataim ba sannu, in kwali ɗaya ya ɓace ko ya fashe a hannun masu lodi kai za a cire wa a albashi. Wallahi ta kai in na ga sunan manaja a wayata gabana faɗuwa yake, barci ya ƙaurace min, ciwon kai kullum, in na dawo gida yarana suna min oyoyo ni kuma tsawa nake musu, wannan shi ya fi ci min rai. Sai na fara neman wani aiki a ɓoye. Kuskure biyu na yi, na buga CV ɗina a firintar ofis sannan na faɗa wa wani abokin aiki da na yarda da shi cewa an kira ni intabiyu. Ranar Alhamis manaja ya kira ni, ya ce in buɗe wayata ya ga da wa nake magana, na ce yallaɓai ka yi haƙuri wayata ce, sai ya turo min takarda an riga an buga, wai in sa hannu na ajiye aiki da kaina tunda na raina inda nake ci. Allah ya taimake ni na ce a ba ni zuwa Litinin.

Juma'a da safe na kira ofishin lauyan, sakatariya ta ɗauka a kira na farko, ta faɗa min kuɗin ganawa naira 20,000 na awa ɗaya, ta ce in zo da takardar ɗaukar aiki, takardun albashi in akwai, duk wata kweri da aka taɓa ba ni, da bayanin asusuna na banki na wata shida. Wannan ya burge ni gaskiya, don da ba ta faɗa ba da hannu biyu zan je in zauna ina ba da labari. An ba ni ƙarfe huɗu bayan la'asar, amma sai biyar da kwata Barista ta iso, kuma ba wanda ya kira ya ce min za ta makara. Abin da ya fi wannan damuna shi ne wajen jira, kujeru shida ne a jere gaban teburin sakatariya, ita kuma da ƙarfi take tambaya, Malam sunanka, wane kamfani, me ya faru, ga mutane a zaune suna ji. Kano ce fa, wanda ke gefenka zai iya zama ƙanin matar manajanka. Mutumin da tonon asiri ya koro shi bai kamata a tambaye shi haka a bainar jama'a ba, na faɗa wa Barista da muka shiga, ta karɓa ta ce za su yi fom a riƙa cikewa, ina fatan sun yi.

Ganawar kanta kuwa ba ni da abin cewa sai godiya. Ta rufe ƙofa, farkon abin da ta ce shi ne duk abin da na faɗa mata amana ne tsakanin lauya da wanda ya zo wajensa, sannan ta ce Malam fara daga farko kar ka tsallake inda kai ka yi kuskure. Da Hausa muka yi gaba ɗaya, in ta karanto doka da Turanci sai ta warware min ita kamar yadda za ka yi wa ƙaninka bayani. Ta ce babu dokar da ta hana ma'aikaci neman wani aiki yana kan aiki, amma firintar ofis da lokacin ofis na kamfani ne, a nan suna da bakin magana, in sun ba ni kweri a kai in amsa a rubuce, gajere, in amsa laifin takarda biyu da na buga in tsaya a nan. Maganar waya kuma ta buɗe min sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, ta ce wayar da ka saya da kuɗinka ba ta manaja ba ce, amma kwamfutar ofis da imel ɗin ofis ka ɗauka kamar allon sanarwa ne.

Inda ta fi daɗewa shi ne takardar nan da aka ce in sa wa hannu. Ta ce in ka rubuta da hannunka ka ajiye aiki ka sauƙaƙa musu komai, za su ce kai ka tafi, kuɗin notis ma ba za ka gani ba. Kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, tana iya ɗaukar ajiye aiki na dole a matsayin kora, amma sai ka kawo hujjar tilas ɗin, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, don haka rashin sa hannu tun farko ya fi arha. Sai ta nuna min sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, wanda bai wuce wata uku ba notis ɗinsa kwana ɗaya ne, daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu mako ɗaya, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, shekara biyar zuwa sama wata ɗaya, kuma notis na mako ɗaya ko fiye dole a rubuce yake. Ni mako biyu doka ta ba ni, amma takardar ɗaukata aiki ta ce wata ɗaya, ta ce toh wata ɗaya ne a kaina da kansu, ko su ba ni watan ko su biya kuɗinsa. Ta kuma ja kunnena cewa dokar nan ta fi shafar masu aikin ƙarfi da irin aikina na rubuce-rubucen sito, manyan ma'aikata da ƙwararru yawanci takardar yarjejeniyarsu ce madogara, saboda haka kar wani ya ɗauki nawa ya ɗora a kan nasa bai duba ba.

Abubuwan da ban ma zo da su ba ita ta tono su daga takardun. Cire-ciren da ake min na kwali, ta ce sashe na 5 ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci a albashi, in asara ce ta sakaci ko ganganci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, ni kuwa akwai watan da aka cire min kusan rabi. Hutun kwana ɗaya a kowane mako haƙƙi ne, hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12 haƙƙi ne, hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da takardar likita shi ma haka. Shekara uku ina roƙon waɗannan kamar sadaka. Sai fansho, ta ce a dokar 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8 kamfani kashi 10 kuma a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta ce in nemi bayanin asusuna wajen kamfanin fanshona, da na nema sai na ga wata biyar ana cirewa ba a turawa.

Wani abu da ban zata daga lauya ba, ta dube ni ta ce Malam yaushe rabonka da awon jini? Ta ce in je asibiti a duba ni a rubuta, na farko don lafiyata, na biyu don dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, amma ba a karɓar ta da baki sai likita ya tabbatar. Na je, jinina ya hau, ina shan magani yanzu.

Kan neman aiki a ɓoye ma ta ba ni shawarwari da ba na doka ba ne na zaman duniya ne. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kar wanda ya sani a wajen aiki ko da kwano ɗaya kuke ci, ka yi komai da wayarka da datarka da imel ɗinka, intabiyu ka nemi a sa maka ranar hutunka, ka roƙi sabon wajen kar su kira inda kake sai sun ba ka takarda a hannu, masu tsaya maka kuma ka sa tsohon malaminka ko tsohon oganka. Masu amfani da LinkedIn, shafin neman aiki na intanet, ta ce akwai zaɓin da yake sa koren zobe a hotonka kowa ya gani, akwai wanda masu ɗaukar aiki kaɗai ke gani, na biyun za ka zaɓa, shi ma su da kansu sun rubuta cewa ba su ba da tabbacin sirri ɗari bisa ɗari. Kuma kar ka ajiye na hannu sai takardar sabon ta shigo.

Ƙorafina na ƙarshe kuɗi ne. Na ɗauka dubu 20 ɗin har da wasiƙar da za ta rubuta min zuwa ga kamfanin, ashe ita daban ce, naira 15,000, kuma sai a ƙarshe na ji. Ga mai albashi irin nawa 35,000 ba wasa ba ce, da an faɗa tun a waya da na shirya. Wayarta ma ta katse mu sau uku, sai dai ta ƙara min minti 20 ba ta caje ni ba. Kuma ko sau ɗaya ba ta zuga ni zuwa kotu ba, cewa ta yi a fara da wasiƙa, in ta ƙi a je ofishin ƙwadago na tarayya, kotu ita ce ta ƙarshe. In maki zan ba su huɗu cikin biyar ne, ɗayan wajen jira da ɓoyayyen kuɗin wasiƙa suka cinye shi.

Ranar Litinin na shiga wajen manaja na gaishe shi yadda na saba, na ce yallaɓai ba zan sa hannu ba, in kamfani ba ya bukatata a ba ni a rubuce, na miƙa wasiƙar na ce a sa min hannu a kwafina. Ya karanta har sau biyu bai ce komai ba sai je ka bakin aikinka. Bayan mako uku takardar sabon wajen ta fito, na ba da notis na wata ɗaya a rubuce, na ƙirga musu kaya kwali-kwali aka sa hannu. Daga kuɗin da aka cire min, sun dawo min da wani ɓangare. Fanshon wata biyar ɗin har yau bai shiga ba, Barista ta rubuta musu wasiƙa ta biyu, ta ce in ƙarshen wata ya yi shiru za mu kai ƙorafi PenCom, hukumar fansho ta ƙasa.