Awon ɓarina a labo na Yamai: sun iya aiki, sai jan rai

Cikina na wata uku ya lalace, eko (hoton ciki) a nan Tawa ta nuna ɗan ya daina motsi, aka yi mini wankin ciki. Uwar mijina har ta tanadi ƙyalle a je a binne abin kamar yadda aka saba, sai ungozoma ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, na ga wasu ƴan ƙuraje masu ruwa a jikin mabiyiyar, gara a auna." Ta zuba a kwalba, ta cika da ruwan formol don kada naman ya ruɓe, ƙanen mijina ya hau mota da ita zuwa wani labo a Yamai, sashen awon naman jiki da suke kira anapat.

Aikinsu kam ba ni da abin cewa. Suna daskarar da naman cikin kaki, su yanka shi siriri, su ɗora a gilashi, su rina, likita ya duba a madubin ƙara girma. A nawa ya ga wasu daga cikin ƴan rassan mabiyiya sun kumbura da ruwa kamar inabi, wasu na nan lafiya lau, ƙwayoyin da ke lulluɓe su kuma sun ɗan yi yawa. Sakamako: mol, wato cikin da mabiyiya ke tsirowa ba daidai ba, irin wanda bai cika ba. Likitata ta ce yawanci maniyyi biyu ne ke shiga ƙwai guda, kuromozom, masu ɗauke da gadon halitta, su zama 69 maimakon 46, ciki ba zai taɓa rayuwa ba ko me aka yi. Wannan maganar ta sauke mini nauyi, don da ma an fara raɗe-raɗin wai ɗaukar ruwa ne ya jawo. Irin nawa sau da yawa kama yake da ɓari na kullum a eko, sai a ƙarƙashin madubi ake gane shi. Cikakken mol, wanda babu ɗa ko kaɗan, ya fi haɗari: kamar 15 zuwa 20 cikin 100 na ci gaba da tsiro har a kai ga magani irin metotireksat. Nawa ba kasafai yake kai nan ba, amma bibiya dole ce.

Inda suka ɓata mini rai shi ne jira. Makonni suka shuɗe, a buga waya ba a ɗauka, in an ɗauka a ce "sai wani sati". Da takardar ta fito, faransanci ne na likitoci zalla. Mijina da ya yi lakkol har jami'a ya karanta ta a WhatsApp bai tsinci komai ba. Layi guda da ke cewa a koma wurin likita da sauri ai ba zai gagare su ba. Kuɗin ma ba kaɗan ba, ga na mota.

Duk da haka in aka ce in sake, zan kai. Yanzu ina zuwa awon jini na hCG, sinadarin da mabiyiya ke fitarwa, a kai a kai har ya sauka ya tsaya, ina kuma shan maganin tazara, don sabon ciki yana ɗaga hCG ya rikita lissafin. Wadda za ta aika nata, ta tabbata formol ya rufe naman gaba ɗaya, ta kuma karɓi lambar kwalbar kafin mai kaiwa ya baro wurin.